Haƙorin Eyotaru

Litinin, 4 ga Oktoba 1976, ƙarfe 6 na yamma, Aruwa

Mun wuni a Maraca, ni da Marjan direba. Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muna tura mota. An yi sabon mai unguwa, ya ce ba za mu shiga gidaje ba sai na yi masa bayanin aikinmu tun daga tushe. Na yi, kamar yadda na saba. Na ce shekara huɗu da suka wuce mun bi ƙauyuka mun ɗebi jinin yara, dubbai, an kai ƙasar Turawa an ajiye a ƙanƙara, kowane da lambarsa. Akwai wata ƙwayar cuta, dangin wadda ke feso ƙuraje a leɓe. Kusan kowa a nan yana ɗauke da ita tun yana goye, kuma ba ta yi wa yawancinmu komai. Likitoci suna zargin ita ce, in ta haɗu da zazzaɓin sauro mai yawan dawowa, take tayar da ciwon dajin nan da ke kumbura kuncin yara. Yanzu yawo muke. In mun sami yaron da ya kumbura sai mu kai shi asibitin mishan, a ciro tsohon jininsa a duba ko tun can akwai alama.

Ya ce, "Wato kun ɗebi jini, kun koma gefe kuna jiran wa zai faɗi."

Na ce haka ne.

Marjan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ungulu ma aiki take yi, godiya ce ba a yi mata." Mai unguwa ya yi dariya, ya bar mu muka shiga.

Gida goma sha tara. Babu ko ɗaya.

Da na dawo, matata Driciru ta ce Eyotaru ta ƙi cin tuwon rogo, wai haƙori. Shekararta bakwai. Lokacin famfara ne.

Laraba, 6 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Na duba bakin. Na ciki ne ke motsi, guda biyu, ɓangaren hagu. Na ce a ba ta ruwan ɗumi da gishiri.

Alhamis, 7 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Terego. Gida ashirin da uku. Babu. Sukari ya sake ɓacewa a kasuwa.

Asabar, 9 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Hutun ranar 'yanci. 'Yan makaranta sun yi fareti, Eyotaru ba ta je ba. Ta zauna a gindin mangwaro tana kallon Inna, mahaifiyata, tana tauna wa ƙaninta Afayo naman kaza tana sa masa a baki. Watansa takwas, yana karɓa kamar ɗan tsuntsu. Eyotaru ta ce, "Kaka, ni ma haka kika yi mini?" Inna ta ce, "Ke kin fi shi haɗama. Har yatsana kike haɗawa."

Driciru ta ce, "Baban Eyo, ka dubi fuskar yarinyar nan da kyau. Wannan gefen ya fi wancan."

Na ce haƙori ne.

Litinin, 11 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Haƙori ne.

Talata, 12 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Ba zazzaɓi. Ba ta kukan zafi. Ciwon haƙori yana da zafi. Na rubuta wannan ne kawai don a san na lura.

Laraba, 13 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Yau Marjan ya zo ɗaukata har gida saboda kekena ya yi faci. Eyotaru ta fito da gudu, don kullum yana kawo mata rake yana kiranta amaryarsa. Ya miƙa mata raken, ya tsaya yana duban fuskarta. Muka shiga mota. Bai tayar ba.

Na ce, "Mu tafi mana, rana na yi."

Ya ce, "Ondoma, shekara nawa ina tuƙa ka?"

Na ce huɗu.

"Yara nawa muka ɗauko a bayan motar nan da irin wannan fuska? Ni ban yi boko ba, amma na ƙirga, goma sha ɗaya. Ka tuna abin da kake faɗa wa iyayensu? Kwana ɗaya a wannan ciwo kamar wata ne."

Na ce haƙori ne.

Ya zare makulli ya sa a aljihu. "To ni ma motata haƙori take yi. Ba inda za ta yau sai asibiti."

Mun isa ƙarfe goma. Likita Anguzu ya taɓa muƙamuƙin, ya taɓa cikinta, ya leƙa idon. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce kwana tara. Ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya rubuta tara.

An yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Gado na shida.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Likita ya ce ba zai jira takardar sakamako ba, ya ga abin da ya gani. Za a fara gobe. Allura ce ta jijiya, duk mako biyu. Kwalba biyu suka rage a asibitin, yana son aƙalla huɗu. Sauran sai daga Kampala.

Ya ce, "Ka nemo lambarta a aika."

Ban nema ba, na san ta. Ɗaya ce. A ƙauyenmu muka fara aikin, mutane suka ƙi fito da yara, suna cewa masu shan jini sun zo. Sai na ɗauko tawa, tana shekara uku, na ɗora ta a cinyata a gaban kowa. Ba ta yi kuka ba. Aka ba ta alawa. Daga nan mata suka fara layi.

Na cike takardar, na sa hannu a inda ma'aikaci ke sa hannu, na kuma sa a inda uba ke sawa.

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe 8 na safe

An yi jiya. Amai sau bakwai. Driciru tana kwana a ƙasan gadon da Afayo.

Lahadi, 17 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Bayan coci mutane sun biyo mu gida gaisuwa. Sun kawo wake, ridi, wata ta kawo ƙwai huɗu. Ba wanda ya tambayi sunan ciwon. Wata mata da na taɓa ɗibar jinin 'ya'yanta uku ta tsaya daga bakin darni, ta yi gaisuwa daga can, ba ta shigo ba.

Da suka watse Inna ta sa mini abinci, ta zauna tana kallona har na kai loma ta uku.

Ta ce, "Sun ce abin yana bin jinin da aka ɗauka."

Na ce, "Su wa?"

"Gari. In an raba mutum da jininsa aka kai wata ƙasa, dole jiki ya yi ta nemansa. Ga shi ya fito ta fuska yana nema."

Na ce, "Inna, ɗigo nawa ne? Sauro ma ya fi mu ɗiba."

"Sauro ba ya rubuta suna. Kai ka ɗora ta a cinya. Ina tsaye, na ce ka bari, ka ce mini ban yi makaranta ba."

Na ci gaba da cin abinci. Ta ci gaba da magana.

Litinin, 18 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Jiya na faɗa wa Inna wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Laraba, 20 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Kumburin ya faɗa. Na ga haka sau da yawa a kan 'ya'yan mutane, kullum kuma sai ya ba ni mamaki. Kwana biyar, kamar an sace iska daga ƙwallo. Idon hagu ya buɗe. Ta nemi madubi, babu a ɗakin, Sista ta ba ta murfin gwangwani.

Ta ce, "Baba, na koma ni."

Likita ya ce kada mu yi saurin murna, wannan ciwo yadda yake saurin gudu haka yake saurin dawowa. Na ce na sani. Ya ce, "Na san ka sani. Da uban nake magana."

Alhamis, 21 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Inna ba ta zo asibiti ba yau ma. Ta ce ƙafa.

Asabar, 23 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Na je gida ɗaukar kaya. Inna ta ware kwanonta da ƙoƙon shan ruwanta, ta rataye su a bayan ɗaki, nesa da na kowa. Da take mini magana ta sa gefen zane ta rufe baki.

Na ce, "Mura kike yi?"

Ta ce a'a.

Talata, 26 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

An ba mu takardar izinin tafiya da mota. Marjan zai tafi Kampala gobe karɓo maganin. Mai ya ishe shi zuwa, na dawowa sai ya nema a can. An ce shingen sojoji a gadar Pakwac ya zama uku. Na ce zan bi shi. Ya ce, "Kai da wannan fuskar taka ta malamin makaranta? Tun a shinge na farko za su ce ka sauko ka yi musu lissafi. Ni Banube ne, yarensu ɗaya da nawa. Zauna ka kula mini da amarya."

Ya ce ranar Asabar yana gida.

Juma'a, 29 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Kwalba ta biyu. Amai sau huɗu. Gashi ya fara zuba a kan matashi, Driciru tana tsincewa kafin ta farka.

Asabar, 30 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Bai dawo ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Driciru ta zo gida yin wanki. Ta miƙa wa Inna Afayo ta riƙe, Inna ta maida hannuwanta baya. Yaron yana ta miƙo hannu yana kuka, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure.

Driciru ta same ni a bayan rumbu ina gyaran keke.

Ta ce, "Me ka faɗa wa tsohuwar nan?"

Na ce ba komai.

"Ba komai ne ya sa ta daina taɓa jikanta? Mako biyu ke nan ba ta leƙa Eyo ba, yarinyar tana tambayarta safe da yamma. Ondoma, ni ba mai unguwa ba ce, kar ka yi mini bayani. Me ka ce?"

Na ce na gaya mata ta inda ƙwayar ke shiga jikin yaro.

"Ta ina?"

Na ce ta yawu.

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙafa. Ta ce, "Gaskiya ne?"

Na ce haka likitoci suka ce. Amma kowa yana da ita, ni da ke da Likita da Fadan coci. Ba wanda ya san daga bakin wa ta samu, kuma cikin dubban yaran da ke da ita ɗaiɗai ne ke kumbura.

"Ka faɗa mata wannan rabin?"

Sarƙar keken ta sake zamewa. Sai an sayi sabuwa.

Talata, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Ba labari. Na je gidansa a unguwar Nubawa. Matarsa ta kawo mini shayi ba sukari, muka yi maganar ruwan sama.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na safe

Bakinta ya yi gyambo, aikin maganin ne. Haƙoran nan biyu sun fita. Ta ƙi kunun gero, ta ƙi ayaba. An auna ta, ta sake raguwa.

Asabar, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Ba mota, ba aiki. Na share ofis. Na jera katunan Terego bisa lamba, na sake jera su bisa suna, na maida su bisa lamba.

Litinin, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na yamma

Marjan ya dawo. Ba da motarmu ba, a bayan wata babbar motar taba. Ba takalmi, ba agogo, an aske masa rabin kai. Ya shigo asibitin yana jan ƙafa, ya zauna a kan benci a hankali, kamar mai tsoron kada bencin ya ji ciwo. Ya warware rawaninsa, kwalba uku suka faɗo a cinyarsa, naɗe da safa.

Na ce, "Ina motar?"

Ya ce, "Ta sami miji."

"Marjan, me ya faru?"

"Na ce maka yarenmu ɗaya. To mun yi hira, ta yi tsawo." Ya juya wajen Sista. "Ki duba kwanan watan jikinsu, kada a ce na sha wahala a kan ruɓaɓɓe."

Suna da kyau. Likita ya ce ya tuɓe riga a duba shi, Marjan ya ce sai an rufe ƙofa. Na jira a waje.

Kafin ya tafi ya leƙa gado na shida. Eyotaru ta dubi kansa, ya dubi nata. Ya ce, "Amarya, wanzaminmu ɗaya ne ashe? Naki ya fi iya aiki, ya gama." Ta yi dariya har gyambon ya yi jini.

Laraba, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Likita ya ce ba zai ba da ta uku ranar Juma'a ba in ba ta ci abinci ba. Jikin ba zai ɗauka ba. In kuma an jinkirta, shi ciwon ba ya jira.

Driciru ta yanka kaza, ta dafa har ta narke, ta daka a turmi. Eyotaru ta kau da kai.

Uwarta ta ce, "To me kike so? Faɗi, ko a Kwango yake ubanki zai je."

Ta ce, "Na Kaka nake so. Irin na Afayo."

Driciru ta dube ni. Ta rufe kwanon ta miƙo mini.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Na sami Inna a gonar rogo tun da sassafe. Ta ga ni, ta ja zane ta rufe baki. Na durƙusa, abin da rabona da yi tun ina ɗan makaranta. Ƙasa jiƙe take.

Na faɗa mata sauran rabin. Na faɗa da yarenmu, a hankali, ban sa kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ta saurara tana kallon fartanyarta.

Ta ce, "Kai ma kana da ita?"

Na ce ina da ita.

"Daga bakina ka samu?"

Na ce wataƙila. Ga ni kuma, shekara talatin da shida.

"To don me ka faɗa mini waccan?"

Na ce don ta yi shiru.

Ta ce, "Ai kuwa na yi." Ta jingine fartanya, ta ce in tashi, wandona na aiki ne.

Na ɗauko ta a bayan keke, mil bakwai, tana riƙe da kwanon. A hanya ta ce, "Har yanzu ban yarda da maganar jinin nan ba." Na ce to.

A asibiti ta wanke hannu, ta kurkure baki da ruwan gishiri sau uku ba wanda ya sa ta. Ta zauna a bakin gado. Eyotaru ta ce, "Kaka, ƙafar ta warke?" Inna ta ce, "Wace ƙafa? Buɗe bakin, sarkin haɗama."

Driciru ta tsaya a bakin ƙofa tana gadin Sista, don in ta gani za ta yi faɗa. Loma tara na ƙirga. Daga nan na fita duba keke.

Asabar, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

An yi ta uku yau, jinkirin kwana ɗaya.

Laraba, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Yarinyar gado na huɗu, wadda muka ɗauko daga Maraca a watan Agusta, nata ya dawo ta ciki. An tafi da ita gida jiya. Ubanta ya gaishe ni da zai fita, ya tambayi jikin tawa.

Eyotaru ta tambayi ina ƙawarta. Inna ta ce ta tafi gida. Gaskiya ne.

Asabar, 27 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Ta huɗu. Likita ya taɓa ko'ina, bai ji komai ba. Ya ce kwalbar da ta rage za a ajiye wa yaro na gaba, na ce daidai ne. Ya ce in shekara ta zagayo bai dawo ba, da wuya ya dawo. Amsar tsohon jininta kuma sai bayan Kirsimeti, in wasiƙu suna tafiya. Ya tambaya ko ina so ya gaya mini in ta zo.

Na ce a matsayin wa?

Ya ce in zaɓa. Ban zaɓa ba tukuna.

Talata, 30 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Mun dawo gida. An ba mu aron wata tsohuwar mota daga mishan, Marjan ya ce tari take yi kamar kakarsa. Ba ya iya zama sosai, ya sa matashi. Za mu koma aiki ranar Litinin, Terego.

Matar nan da ke gaisuwa daga bakin darni ta zo. Yau ma daga can ta tsaya, amma ta daɗe tana kallon fuskar Eyotaru.

Juma'a, 3 ga Disamba, ƙarfe 7 na safe

Kullum da safe, kafin in wanke ido, nakan je inda take kwance in sa yatsu biyu a ƙarƙashin kunnenta, in bi muƙamuƙin har haɓa, hagu sannan dama. Ina tsammanin barci take yi.

Yau ta kama hannuna ba ta buɗe ido ba.

Ta ce, "Baba, mutane 'ina kwana' suke fara cewa."

Na ce, "Ina kwana, Eyotaru."

Ta ce, "Lafiya lau. To, taɓa."